Ranar da Aka Sa Ni Gadin Kakata a Kan Dutse

Shekaru uku ke nan da suka wuce, ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare, mahaifina ya ba ni wani aiki da ban taɓa ba ku labarinsa ba.

Akwai wani dutse mai tsawo a bayan ƙauyenmu, ta wajen Furana. Duk shekara idan an yanke dawa, kakata takan hau shi ta saro sassaƙen hano, itacen da ake dafa wa masu jego. Ba ta yarda da na kasuwa. A shekarar ta yi fama da ciwon gwiwa, sai Baba ya ce ta haƙura. Ta ce ba ta san zancen ba. Da ya rasa yadda zai yi, ya kira ni zaure.

"Ke za ki raka Iya," ya ce. "Idan ta zauna a hanya ko sau ɗaya kafin ku kai sama, ki faɗa mini. Daga ranar ta gama hawa."

Ni ya zaɓa saboda ba ni da surutu, kuma ya san ina lura da komai. Bai lura da cewa Iya tana bayan zana tana tsince wake ba.

Mun fita bayan an karya kumallo. Tana riƙe da sanda da ƙaramin gatari, ni kuma gorar ruwa da ƙullin fura. Tun daga gindin dutsen na ga tafiyarta ta yi mini sanyi. Taku gajere, ba ta miƙe hanya, sai ta karkata dama ta karkata hagu kamar mai ɗinkin hannu. Idan za ta huta, a tsaye take yi. Ta dafa sanda, ta juya ta kalli inda muka baro, ta ja numfashi kaɗan, ta ci gaba.

Ni kuwa na ɗauka da ƙarfi ake hawa dutse. Sai in ruga gaba in zauna a inuwa in jira ta.

"Ƙawata, ki daina zama," ta ce. "Ƙafa idan ta huce a tsakiyar hawa, fushi take yi."

Na yi murmushi kawai. A raina na ce ai ita ce mai ciwon gwiwa.

Mun kusa sama, inda dutsen ya zama santsi ba ciyawa, sharaɓata ta dama ta ɗaure kamar an sa igiya. Na zube. Ko kuka na kasa yi da ƙarfi, hawaye kawai. Iya ta dube ni, ta dubi sama, saura bai fi taku arba'in ba. Sai ta ajiye sanda, ta lanƙwasa gwiwar nan a hankali har na ji ƙararta, ta zauna. Ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta ciro man kaɗe daga bakin zane, ta shiga murzawa.

"To 'yar rahoto," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "kin samu abin kai wa ubanki."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

A sama ne na ga yadda ake hutawa. Sai da ta saro sassaƙenta tukuna, gefe ɗaya na kowace bishiya, don kada ta mutu. Sannan ta cire takalma, ta kwanta rigingine a kan dutse mai ɗumi, ta ɗora ƙafafu a kan wani ƙaramin dutse, ta ce in yi haka. Ta gutsura mini mazarƙwaila. Gonakin rake sun yi kore a can ƙasa, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi siriri, mota a kan titin Ikara kamar ƙwaro. Ban taɓa jin daɗin kwanciya irin na ranar ba, jiki yana zogi amma rai fes.

Da muka dawo, Baba yana zaure. Iya ta amsa gaisuwarsa ta wuce ciki, ba ta ko kalle ni ba.

"Ta zauna?"

Na sunkuyar da kai. Na daɗe ina wasa da bakin hijabina.

"Ta zauna, Baba. Sau ɗaya."

"To, shi ke nan."

"Amma ni ce na faɗi. Ƙafata ce ta ɗaure, shi ya sa Iya ta zauna ta murza mini." Ban san lokacin da na ƙara da cewa, "Ita ba ta gaji ba" ba.

Ya dube ni, ya dubi ƙafar da nake ɗingishi da ita tana ƙyallin man kaɗe. Sai ya fashe da dariya har da tari. Daga ciki muka ji muryar Iya: "Baɗi ka ba ni mai ƙwari."

Har yau idan na tuna, ba tsayin dutsen ne ke ba ni mamaki ba. Ta san sharaɗin, ta san saura taku kaɗan, ta kuma san ba zan yi wa Baba ƙarya ba, amma ta zauna.

Baɗin ma ni ta zaɓa. Mun hau sau biyu bayan nan. Yanzu a bayanta nake tafiya, kuma a tsaye nake hutawa.