Saƙon da Ya Bi Hajiya Gusau

Wata rana, saura kwana tara Sallah, na je karɓar ɗinkina a shagon wata tela a unguwarmu, Maman Ilham muke ce mata.

Na tarar da wani baƙon mutum yana auna bangon shagon, kamar ba kowa a ciki.

Ita kuwa tana tsaye bayan keke, da almakashi a hannunta. Atamfofin mutane sun fi arba'in a jibge, wasu ko yanka su ba a yi ba.

Ashe hayar shekara biyu ta kama, kuma ranar Juma'a wa'adin zai cika.

Sai ga mai shagon, Alhaji Mamuda, da takarda a hannu. Aminin marigayi mahaifinta ne, shi ya sa ko ido ba ta iya haɗawa da shi, balle ta yi masa maganar haya.

Ta ce, "Baba Alhaji, wata huɗu ke nan na gaya wa Hajiya, uwargidanka, a gidan suna zan ƙara shekara biyu. Na ce ta isar maka."

Ya ce, "'Yata, washegarin sunan Hajiya ta tafi Gusau jegon 'yarta. Ba ta faɗa min komai ba. Takardarmu ta ce ki sanar da ni a rubuce tun saura wata uku. Na jira, na ji shiru, na sa hannu da wannan bawan Allah."



Ta jawo aljihun keke, ta zaro tata takardar. Tana nan a ninke yadda aka ba ta, har ta rubuta awon wata mata a bayanta.

Ta karanta. Ga maganar nan a layi na huɗu, ɓaro-ɓaro.

Ba wanda ya cuce ta, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ranar Juma'a, da azumi a bakinta, aka loda keken a A Daidaita Sahu. A zauren mahaifiyarta ta ƙarasa abin da ta iya. Rabin masu kaya suka kwashe nasu da faɗa.

Yanzu waya ake sayarwa a shagon. Har yau mata na zuwa da atamfa a leda, su yi tambaya, su juya.

Darasi: Kunya ba ta sabunta haya. Yau ɗin nan ka ɗauko takardarka, ka duba yaushe wa'adi zai cika da lokacin da aka ce ka sanar. Za ka zauna ko za ka tashi, rubuta ka kai da hannunka, ka riƙe kwafi.

Ka san mai zaman haya? Tura masa tun kafin a zo auna masa bango.