Ƙanena Mai Tsaron Baya

Ni ban yi boko ba, amma babu mai ba ni labarin ƙwallon ƙanena, don ni na goya shi. A Gafasa muka tashi, iyayenmu suka rasu yana ƙarami. In an kora shanu kullum shi ne a baya, ɗan maraƙi bai isa ya sulale masa ba. Da aka sa shi makaranta a Gaya ya fara tamaula, can ma baya suka ajiye shi. Daga nan kulob ɗin wani kamfanin gyaɗa a Kano ya ɗauke shi, ƙwallo ta zama sana'a, har da albashi.

In ya zo gida nakan ce, "Auta, nawa ka ci?"

Sai ya ce, "Yaya, ni hana ci nake yi."

"To, ashe ladan mugunta ake biyan ka."

Sau ɗaya na gan shi a fili, ranar da suka zo wasa Gaya. Ta saman dangar wata ƙawata na leƙa. Wani siririn yaro ya kwaso ƙwallo kamar an koro zomo, kowa na ihu. Auta ko gudu bai yi ba. Ya tsaya, ya jira shi, ya sa ƙafa ya zare ta kamar mai cire ƙaya. Yaron ya wuce shi kaɗai yana waige. Wallahi guɗa ta kuɓuce mini.

Bayan an gama yaƙin basasa, kamfanin ya shiga wani hali, abokan wasansa suka fara watsewa. Sai ga wasu mutane a mota har ƙofar gidanmu, daga wani babban kulob na Ikko, da tafinta, da turmin atamfa. Wai an ce musu Auta ba ya tsallake maganata, in sa baki ya bi su. Shi kaɗai gare ni, Ikko kuwa ba nan kusa ba ce. Amma ban so in tare masa arziki. Na ce, "Ga shi, ga ku."

Ya gaishe su da ladabi, ya ce, "Lokacin da na je Kano, ƙafata ba ta san takalmi ba. Su suka sa mini. Yau don rufinsu na yoyo ba zan bar su cikin ruwa ba."

Tafinta ya ce, "Malam, gwiwa fa ba ta dawwama."

"To, ta ƙare a inda ta saba."

Suka juyo kaina. Na tura musu atamfarsu, na ce su gaida gida.

A kulob ɗin nan ya zauna har yaran da ke ɗauko masa ƙwallo suka zama abokan wasansa. Gwiwar kuwa ta ƙare, yadda tafinta ya faɗa. Ya dawo Gafasa yana ɗingishi, ya riƙe gonar babanmu, kuma ko sau ɗaya ban ji ya ambaci Ikko ba.