Ranar da Na Rushe Gonar Tsohuwa a Dutsen Mandara

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua a cikin sabuwar a-kori-kurar Alhaji, maigidana. Masu tambayata labarin wannan tafiya sun yi yawa, a tasha da ƙofar masallaci da bakin kasuwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ba na son faɗi.

Ni direba ne. Shekara goma sha takwas ina jan motar auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza, ban taɓa taka ko kaza ba, kuma ba na barin kowa ya manta da haka. Saboda wannan sunan ne Alhaji ya yarda ya ba da aron motar da ba ta fi wata biyu a hannunsa ba. Da zai miƙo mini makulli sai ya haɗa da hannuna ya riƙe, ya ce, "Ba don kai ne ba, wallahi ko Bakori ba za ta je ba." Na ce, "Alhaji, yadda ta fita haka za ta dawo."

Mu huɗu ne. Akwai abokin Alhaji, wani ɗan kasuwa Bayarabe haifaffen Funtua, wanda ya fi ni iya zagi da Hausa. Shi ya shimfiɗa katifa a baya kusa da durom ɗin mai, ya ce can ne fadarsa. A Malumfashi muka ɗauki malamin gona, muna ce masa Malam, wanda ya ƙulla tafiyar tun farko. Shi ya ji labarin gandun namun daji na Waza a ƙasar Kamaru, da kuma mutanen da ke noma a kan duwatsun Mandara, ya hana kowa sakat sai an je. Tare da shi akwai wani dattijo manomi daga Kafur, muna ce masa Baba. An tafi da shi ne don yana jin Fulatanci, an ce can ba a cin abinci sai da shi.

Mun bi ta Gwarzo muka shiga Kano da hantsi, muka miƙe gabas. Kwaltar siririya ce, in mota ta taho kowa ya sauke taya ɗaya a gefensa na hagu a wuce. A Potiskum muka kwana, inda na sha furar da ta sa na ji kunyar ta gidanmu, ƙwarya guda taro. Washegari muka yada zango a Maiduguri. Na ga bandar kifi tsibi-tsibi ta fi tsayin mutum, na ci burabusko har na kasa sunkuyawa ɗaure takalmi. Daga Bama kwalta ta yi mana sallama, sai gargada, ɗan kasuwa yana ta buga bodi yana cewa in tuna akwai ɗan Adam a baya.

A Banki muka tsallaka iyaka. Wani jandarma mai gajeren wando ya juya takardunmu gaba da baya, ya buga hatimi, sannan ya leƙo ta taga ya yi mini magana da Fulatanci yana ɗaga hannun dama. Baba ya ce, "Wai ka kula, a ƙasarsu hannun dama ake bi, ba hagu irin namu ba." Na ce na sani tun ba a haifi jandarman ba. Malam ya ce ko ya riƙa tuna mini in mota ta taho? Na ce masa ya kula da littafinsa, ni in kula da sitiyarina. Har Mora kuwa ban yi kuskure ba, sai wani sabon girman kai ya ƙara hawa kaina. A can muka sayi burodinsu dogo kamar taɓarya, Baba ya ce shi ba zai ci abin da za a iya jibgar mutum da shi ba.

Da safe muka kama hanyar dutse, don Malam ya ce sai ya ga gonakin kafin namun daji. Jama'a, na ga aiki. Mu da muke taƙama da noman Funtua da Malumfashi, ƙasa ce Allah ya shimfiɗa mana, sai dai mu sa garma. Waɗannan mutane dutse aka ba su. Tun daga gindi har ƙoli sun jera katangun duwatsu hawa-hawa, bayan kowace katanga ga 'yar ƙasa wadda wani wuri faɗinta bai fi tabarma ba, a nan suke shuka dawa. Ba siminti, ba laka, dutse ne kawai a kan dutse. Ɗakunansu masu tsinin jinka sun maƙale a tsakanin duwatsu, sai ka zo daf sannan ka gane gida ne. Baba ya ƙare musu kallo ya ce, "Ashe mu wasa muke yi."

Ina cikin satar kallon nan muka shiga wata kwana, sai ga babbar mota shaƙe da buhuna tana gangarowa. Kaina ya san dama, amma hannuwana shekara goma sha takwas suka yi suna kaucewa hagu, kuma ba su yi shawara da ni ba. Na karya hagu. Shi ma direban ya karya nasa hannun na dama, wato inda na nufa ke nan. Na ga gaban motarsa ya cika mini gilashi, na ƙara karyawa na bar hanya gaba ɗaya, sai ji na yi rugugum. Allah ya taimake mu wannan gefen jikin dutse ne, ɗaya gefen kuwa rami ne wanda ba a hango ƙarshensa. Direban ya wuce yana oda yana zuba mini Faransanci, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na fahimci duka.

Ba wanda ya ji ciwo, sai ɗan kasuwa da ya sami kansa a ƙarƙashin katifarsa. Madigadin hagu ya lotsa, fitila ta tarwatse. Na tsaya ina kallon motar Alhaji, ko juyawa ban yi ba in ga abin da na daka.

Wata tsohuwa ce ta sa na juya. Ta sauko daga sama da 'yar fartanya a kafaɗa, ba ta ko dubi motar ba. Katangar gonarta ce na rushe, wajen taku goma, ta sama da ita ma ta biyo baya, ƙasar duk ta zubo kan hanya. Ta durƙusa ta damƙi ƙasar a hannu tana dubawa. Wani mai wucewa da ke jin Fulatanci ya yi wa Baba bayani: mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna garin Marwa wurin aiki, saukar ruwan sama kuma saura bai fi wata guda ba. In ruwan farko ya sami katangar a ƙasa, zai wanke gonar har dutse, kuma ƙasar nan a kwando kakanni suka hau da ita. Ɗan kasuwa ya sa hannu a aljihu. Tsohuwa ta kawar da kai, ta ɗauki dutse guda, ta zo ta ɗora mini a hannu.

Haka muka tuɓe riguna. Na jera layin farko da sauri, ina ganin ai jera dutse ba sai an koya wa mutum ba. Ta zo ta sa ƙafa ta ɗan tura, duk ya zube. Na sake, ta sake turewa. A na uku ta kama hannuna kamar na mai koyon rubutu: babba a ƙasa, a kwantar da shi ya jingina da jikin tudun, ƙanana a cusa a tsakani, a bar 'yan kafofi don ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Kowane dutse sai ta juya shi ta juya har ya sami mazauninsa. Malam ya fara da rubutu a littafi, ba a jima ba ya jefar da shi ya shiga ɗauko duwatsu. Baba ya ari kwando yana kwashe ƙasar daga kan hanya, ko tafi guda bai bari ba. Da rana ta take ta kawo mana tulun burkutu, muka yi ta girgiza kai, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta koma ta kawo ruwa da tuwon jar dawa. Sai bayan la'asar ta sa ƙafa ta tura katangar ba ta motsa ba. Ta hau kai ta yi tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta sauko ta ɗauki fartanyarta ta yi sama. Farcena biyu sun fashe, amma rabon da in ji daɗin aiki irin na ranar har na manta.

Washegari muka isa Waza. Fili ne shimfiɗaɗɗe iyakar ganinka, sai wasu duwatsu da suka tashi a bakin gandun, an gina ɗakunan baƙi a jikin ɗaya. Wani ma'aikaci mai bindiga ya shiga gaba yana nuna hanya. Raƙuman dawa muka fara gani, suna cin ƙaya daga saman bishiya, suka dube mu ta sama kamar mun zo roƙo. Ga jiminu, ga gwanki, ga gauraki ba iyaka a bakin ruwa. Da yamma giwaye suka fito shan ruwa, manya sun sa ƙanana a tsakiya, kuma duk girman nan ba ka jin takunsu. Baba ya cire hula yana ta tasbihi. Abin da ya fi burge ni, ba dabbar da ta gudu. A wajenmu ko zomo ya hangi mutum ya san me ake nufi da shi.

A nan ne ɗan kasuwa ya dafa madigadin ya ce, "Direba, ga mafita Allah ya kawo. Mu ce giwa ce ta goga. Wa zai ga laifin direba a kan giwa?" Malam ya gyaɗa kai, wato ya yarda. Baba ya ce shi dai in ba a tambaye shi ba, ba zai ce komai ba. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta yi mini daɗi. Kwana uku muna hanyar dawowa ina gyara labarin giwar a raina, har na san girman haurenta.

Mun shigo Funtua da azahar. Alhaji yana zaune a ƙofar gida, ya taso ya zagaya motar, ya tsaya a wajen fitilar. Ɗan kasuwa ya buɗe baki, "Alhaji, ai wata giwa..." Sai na dubi hannuna, ga farcen nan biyu sun yi baƙi. Na ce, "Ba giwa ba ce, Alhaji. Ni ne. An ce in bi dama na bi hagu, an ce a tuna mini na ƙi. Gonar wata tsohuwa na rushe."

Alhaji ya juyo gare ni. Ya ce, "Kun gyara mata?" Na ce mun gyara. Ya karɓi makullinsa ya ce, "Gobe ka koma kan motar auduga. Wannan kuwa ka gama tuƙa ta."

Labari ya riga ni isa tasha. Yanzu ba mai kirana direban da bai taɓa taka kaza ba, sai mai rushe gona, kuma ina amsawa. Na je kallon giwa, na dawo da sanin cewa daɗewa a kan aiki ba ta hana mutum zama baƙo a ƙasar wasu, kuma wanda aka ce a tuna masa ya ce ya sani, shi ya fi kowa bukatar tuni.

Jiya aka yi ruwan farko a Funtua. Kowa yana murna yana neman iri, ni kuwa na tsaya a bakin zaure ina kallon yadda ruwa ke cin gefen hanya. Ban san ko ya sauka a Mandara ba. Akwai wani dutse a layin ƙasa da na sa lokacin da tsohuwar ta juya baya, har yanzu ban tabbata ya zauna daidai ba.