Daren Alhamis a Cikin Waya

Ni da Ajami na tashi. Idan ina da abin da nake tsoron mantawa, gefen takarda nake samu in ja layi biyu da tawada, in cusa a aljihu. Haka na rayu a Talata Mafara har furfura ta fito mini. Amma hidima ta yi yawa: karatun zaure da safe, dubiyar 'yan uwa a Maradun, ga gonar albasa a Bakolori. Takardun suka riƙa bin riguna zuwa wanki.

Ƙanwata, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare ta Kaya, ita ta sa mini manhajar tsara ayyuka a waya. Ta nuna mini yadda ake rubuta aiki, a ba shi rana, a ba shi launi, ja ga mai gaggawa. Sannan ta nuna mini wurin tacewa: idan na taɓa "Yau", duk sauran ayyuka sai su ɓuya, na ranar kaɗai za su tsaya, kamar tsaki a rariya.

Tun farko ba mu jitu da abin ba. Na ce bayan la'asar, ya ce sai na faɗi ƙarfe nawa. To la'asar ta damina da ta sanyi ɗaya suke? Launi kuma, na rasa wanda zan hana ja. Ta'aziyya ce ba gaggawa ba, ko karatun ɗalibai? Da ƙanwata ta dawo ta ga allon wayar ja wur, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, kai ai ka mai da komi gobara."

Na ce mata wanda ya ƙera abin nan da alama ba shi da dangi.

Duk da haka na daure. A shekarar na yi dashen albasa a makare, ga shi ruwan kanal bi da bi ake ba da shi, wanda kuwa ya rasa zagayensa sai ya jira na gaba. Dashe sabo ba ya jira. Mai kula da rabon ruwa ya aiko cewa namu ɓangaren daren Alhamis ne, daga magariba. Na zauna a natse, na yi bismillah, na rubuta: ban ruwa, Alhamis, magariba. Na sa masa ƙarfen da ya nema, na ba shi ja.

Kowa a ƙasarmu ya san daren Alhamis da faɗuwar ranar Laraba yake shiga. Dare ke gaba, yini na biye. Haka muke ganin wata, haka muke ɗaukar azumi. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai mai lissafin da ranarsa ke farawa tsakar dare, lokacin da kowa ke barci, ba.

Ranar Laraba da azahar na taɓa "Yau". Babu ban ruwa. Na ga dubiya a Dosara, na tafi. Zuciyata ta ɗan yi mini tsaye a hanya, amma na ce ai abin ba ya mantuwa, ni ke mantuwa. Can magariba ta same ni, can na kwana.

Wayar ba ta yi ƙara ba sai yammacin Alhamis, tana sanar da ni, cike da ladabi, cewa lokacin ban ruwa ya yi. Na isa gona na tarar kanal ya ƙafe, sai laka. Fangulan albasar maƙwabcina, wani mutumin Bakura, sun sha sun ƙoshi. Nawa dashen ya kwanta.

Bayan mun gama gaisawa maƙwabcin ya dube ni ya ce, "Malam, mi ya hana ka zuwa jiya? Na aza ko wayar taka ce za ta riƙe maka fartanya."

Ya ce ya so ya karkato mini ruwan, sai dai bai san ko na canza shawara ba ne. Kafin zagaye na gaba fiye da rabin dashen ya ƙone. Shi ya taimaka mini da ragowar irinsa, na cike gurabe, albasar ta zo ƙanana.

Na kira ƙanwata na tambaye ta ko akwai inda ake gaya wa abin cewa rana daga magariba take farawa. Ta bincika ta ce babu. Yanzu idan an ce mini daren Alhamis, Laraba nake rubuta masa, ina sane da ba haka sunan daren yake ba, kuma har yau hannuna sai ya tsaya kafin ya danna.