Haɓar Zanen Kakata

Kakata ta wajen uba, a gidanmu na Baure, mace ce da ta yarda haɓar zanenta maganin komai ce. Da ita take share gumi, da ita take ɗaure goro, da ita kuma take bin fuskokin jikokinta kowace safiya, ta goge kwantsar wannan ta wuce kan wancan. Sannan ta jera mu ta rambaɗa mana kwalli da tsinke guda. Wanda ya yi gardama ya sha ranƙwashi. Gidan kaf idanunmu jawur, ita kuwa ta ce ai gado ne.

Nata idon ya fi na kowa lalacewa. Gashin fatar idon ya juya ciki yana gogar ƙwayar, har ta rataya ɗan hantsaki a wuya tana tsige shi. Da na girma na lura ta koma gane mu da murya, tana lalubar bango in za ta kewaya. Tsoro ya kama ni sosai, don duk tsiyar da muke yi da ita ba na son ta makance.

Da ƙyar na kai ta asibiti a Daura. Malamin ido ya ce amosanin ido ne, wata ƙwayar cuta ce wai ita kalamidiya, ƙuda da tsumma ke yawo da ita daga ido zuwa ido. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Sai ya ƙara da cewa 'yar'uwar wannan ƙwayar ce ke kawo ciwon sanyi na ma'aurata.

Tsohuwa ta miƙe ta nemi takalminta. "Ɗan nan, mijina ya rasu tun kana tsumman goyo," in ji ta. "Ka iya bakinka."

Wata biyu muna lallashi. Kafin ta yarda a yi mata aikin gyara fatar idon, idon hagu ya riga ya tafi. Na dama aka ceto.

Ranar da aka cire mata bandeji ina tsaye a gabanta. Ta daɗe tana kallona, har na ɗauka ba ta ganin komai. Sai ta kamo haɓata ta juya ni wajen haske.

"Ashe haka ka girma da muni, babu wanda ya gaya mini?"

Na tsuguna na fashe da kuka.