Dakon Namijin Barewa a Gonar Lici

Ni dai bakina ne ya ja mini. Akwai wata mata 'yar China da nake sayen riguna a shagonta a kasuwar Canaan, ina haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya. Lawban muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk mai shago a nan Guangzhou. Wata rana ana tafka ruwa, ciniki ya tsaya cak, muna shan shayinsu marar sukari, sai na hango hoton wata dabba a wayarta, jiki ɗige-ɗige, ƙaho ya yi rassa. Ta ce namijin barewa ne na yayanta, wanda yake kiwon barewa a kan tuddan da ke arewa da gari, yana sayar da ƙahon ga masu haɗa magani. Wannan ya tsallake shinge ya shige gonakin lici, wani ɗan itace ja mai zaƙi da suke nomawa, yana ta ɓarna, maƙwabta sun fara ƙorafi, an yi an yi ya ƙi kamuwa. Maimakon in ce Allah ya kyauta in ja bakina, sai na daki ƙirji na ce ai ni ɗan maharbi ne, gado na yi. Ni da rabona da daji tun kafin gemu ya fito mini!

Maganar gado kam ba ƙarya na yi ba. Baba maharbi ne na gaske a ƙauyenmu da ke kudancin Kano. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama hira da ni a tsakar gida ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ni ma ban taɓa riƙe shi da ita ba. A daji kawai yake yi mini magana, shi ma ƙasa-ƙasa. Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, sai ya rufe baki ga kowa da kowa. Ƙanwata da take kula da shi ta sha ce mini, “Yaya, Baba fa ya daina magana. Abincin ma sai an yi da gaske.” In na kira ta miƙa masa waya, sai in gaishe shi ya ce lafiya, shi ke nan, mu yi ta sauraron numfashin juna. Abin ya riƙa yi mini nauyi har kiran nawa ya koma jefi-jefi. Amma tsoro bai bar ni ba, kullum gani nake wannan shirun ne zai tafi da shi.

Lawban ba ta ɗauki maganata da wasa ba. Ranar da kasuwa ta yi sanyi ta sa ni a mota daga Sanyuanli, unguwar da nake zaune, muka yi ta tafiya har dogayen benaye suka ƙare, tuddai masu hazo suka karɓe mu. Yayan nata ɗan guntun mutum ne marar yawan magana. Ba ya jin Turanci, ni kuma Sinancina bai wuce na ciniki ba, sai muka koma nuni da hannu da kuma fassarar waya. Ya nuna mini makaminsa, wani dogon bututu da ake hura allurar sa barci ta cikinsa. Ba kashe dabbar ake son yi ba, so ake ta kwanta a ɗauke ta. Matsalar ita ce allurar ba ta cin dogon zango, dole sai barewar ta matso kusa ƙwarai.

Muka laɓe a bayan wani kurmi tun la'asar har rana ta faɗi. Ko wutsiyarsa ba mu gani ba. Mutumin ya dube ni ya ce, “Meyo,” wato babu. Na ji kunya kamar in nutse.

Bayan na yi magariba na kira gida, lokacin can ana dab da azahar. Na gaishe da Baba, ya ce lafiya. Don kada shirun nan ya sake danne mu, sai na ba shi labarin barewar, ina dariyar kaina. Na gama, na ji tsit. Har zan yi sallama sai na ji ya gyara murya.

“Ta ina iska take kaɗawa?”

Wallahi sai da na duba wayar, ko wani ne ya shigo layin. Na ce ban lura ba, Baba.

“Ba ka lura ba. To me ka je yi?”

Ya sa ƙanwata ta nuna masa hoton, ya ce wannan ai ɗan'uwan mazo ne, kuma tsoho ne, ya san mutum. Ya ce in ɗebi toka a leda, in riƙa barbaɗawa ina duba inda ta nufa, kada in yarda iska ta ɗauki warina ta kai masa. Na ce sai kuma me? Ya ce, “Yi wannan tukuna. Gobe ka faɗa mini.” Da ƙanwata ta karɓi wayar, sai ta ce, “Yaya, rabon da in ji ya jera magana haka tun Inna tana da rai.”

Daga nan abin ya zama jiki. Ranar da na samu sarari in hau tudu, ranar da ban samu ba ma in kira, domin Baba ba ya ba da dabara biyu a zama ɗaya. Yau ya tambayi irin sabulun da nake wanka da shi. Gobe ya gano ina shafa turare, ya ce, “Ango za ka je ko dako?” Na ji ƙanwata ta fashe da dariya a bayansa. Ya sa na turara tufafina da hayaƙin ɗanyen ganye har maƙwabcin ɗakina, wani ɗalibi ɗan Maraɗi, ya ce ko kilishi na fara yi a ɓoye. Ya sa muka kafa 'yar bukka da rassan lici a gefen wani kududdufi, ya ce mu bar ta kwanaki ba mai shiga, har dabbar ta saba da ganinta. Ya sa na nemo kanwa a wajen wata mai dafa mana tuwo a Sanyuanli, na daka na zuba a bakin ruwan. Kowace dabara sai ya ja ta, ya kawo labarin wani gwanki da ya taɓa wahalar da shi, ya manta inda ya tsaya, ya sake komawa farko. Ƙanwata ta ce yanzu tun hantsi yake sa a fito masa da tabarma ƙarƙashin darbejiya, ya ci abincinsa tas, ya ce a duba ko wayar tana da caji.

Ni kuma na kamu da son zaman bukkar nan. Da la'asar hazo yakan sauko daga kan tuddai a hankali, ya cika tsakanin bishiyoyi, 'ya'yan lici jajaye su rataya a cikinsa kamar ba su da reshe. Ruwa yana ɗiga daga ganye zuwa ganye. Kwaɗi su fara, su tsaya, su sake farawa. In mutum ya daɗe bai motsa ba, sai jikinsa ya bar damunsa, sauro ma ya ci ya gaji. Nakan lumshe ido in ga kaina ina yaro a kan reshen tsamiya, inda Baba yake ɗaure mana itatuwa mu zauna a kai, ƙafafuna suna reto, tafin hannunsa a kan gwiwata don kada in motsa. Har warin taba da man kaɗanya na rigarsa nakan ji. In buɗe ido sai in ga ɗan guntun mutumin nan a gefena, bututu a kan cinya, shi ma ya yi nisa a nasa tunanin. Can ƙasa kuma fitilun Guangzhou sun fara kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Namijin barewar fa? Ya san da mu sarai. Kullum da safe yayan Lawban, mai gonar barewar, zai tarar da sawunsa a bakin kududdufin, ya lashe kanwa ya sha ruwa ya yi gaba. Amma muddin muna cikin bukka, ko kusa. Sau ɗaya na hango shi a kan wani tudu, ya fito daga hazo rabin jiki, ƙahon nan kamar busasshiyar ƙaya, yana kallon hanyar da muka bi muka shigo. Bai gudu ba. Ya tsaya ya ƙare mana kallo, sannan hazo ya rufe shi. Muka gwada hawa bishiya, muka ɗaura katako a kan wata tsohuwar lici. Duk a banza, ɗan banzan nan sai da ya ga saukowarmu sannan ya zo.

Ana haka mai gonar ya gaji. Lici ta nuna, maƙwabta sun matsa masa, ya sa wayarsa ta fassara mini cewa in ba a kama shi a 'yan kwanakin nan ba, zai kira masu karnuka da raga, ko da dabbar za ta karye. Na kira na faɗa wa Baba.

“Karnuka,” ya ce. “A'a. Ba a yi wa tsoho haka.” Ya nisa. “To saurara. In za ku shiga bukka, ku tafi da mai rakiya. Ku shiga tare. Bayan ɗan jimawa mai rakiyar ya fito ya koma gida, yana tafe yana hayaniya, kada ya ɓoye kansa. Dabba ba ta iya ƙidaya ba. Ta ga mutane sun zo, ta ga mutum ya tafi, a wajenta wuri ya zama nata.”

Matar mai gonar ce ta yi mana rakiya, kuma an dace, domin Allah ya ba ta murya. Muka cusa kanmu cikin bukka, ta ɗan zauna, sannan ta fito tana karkaɗe rigarta, ta kama hanya tana faɗa da wani a waya, tana buga bokiti a gwiwa, har muryarta ta ɓace a gangare. Daji ya yi tsit.

Ban ga zuwansa ba. Na ɗaga ido ne kawai na gan shi tsaye a bakin ruwa, kusa har ina ganin raɓa a gashin wuyansa da tururin da ke fita daga hancinsa. Ya fi yadda na zata girma. Ya juya kunne nan, ya juya can, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya riƙe ta a sama, sannan ya ajiye. Ya sunkuya kan kanwar. Na ji mai gonar yana jan numfashi a hankali, sai fut! Namijin barewar ya zabura ya yi tsalle, ya ɗan taka, ya tsaya yana waige kamar mai neman wanda ya kira shi. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kwanta a kan ciyawa, idonsa a buɗe. Na je na dafa wuyansa, da ɗumi, zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna. Mai gonar yana ta jijjiga ni yana godiya, ni kuwa hankalina ya tafi gida. Gobe in na kira, me za mu ce wa juna?

Da na dawo Sanyuanli na daɗe zaune a bakin gado kafin in danna kiran. Na ba Baba labari tun daga bokitin matar nan har zuwa kwanciyar dabbar. Ya sa na maimaita wajen da ya ɗaga ƙafa. Ya ce madalla, an rabu lafiya ba jini. Sai na ce, cikin wasa, “Amma Baba, wannan dabarar ta mai rakiya ai da ita ya kamata a fara. Ka sa na yi ta warin hayaƙi a banza, mutane suna toshe hanci a jirgin ƙasa.”

Na ji ya janye wayar daga kunnensa, muryarsa ta yi nisa, da ƙanwata yake.

“Ke, gaya wa yayanki, tun ranar farko na san da ita. Da na faɗa masa a ranar, da kwana ɗaya an gama. Yaushe kuma za mu ƙara jin muryarsa?”

Ƙanwata ta karɓi wayar, ba ta maimaita ba, ta san na ji. Na buɗe baki in yi magana, kuka ya riga ni. Ni da gemuna, a ƙasar mutane, na zauna ina sharɓar hawaye kamar yaron da aka yaye.

“Yaya, kana nan?” ta ce.

Na ce ina nan. Na ce ta mayar masa da wayar, kuma ko bai ce komai ba kada ta kashe.