Kujerar Roba da Makarar Pak Zainol

Ana sanar da mazauna Bene na Uku cewa jar kujerar robar da ta shekara goma sha ɗaya tana tsare mini wurin ajiye mota ta yi ritaya. Dalilin ritayarta shi ne rasuwar Pak Zainol bin Hashim, tsohon direban bas, wanda Allah ya karɓi ransa da safiyar Laraba, sha biyu ga Nuwamba, yana da shekara saba'in da ɗaya.

Pak Zainol, shekara talatin ka yi kana tuƙa jama'ar Kuala Lumpur, ba ka taɓa mallakar mota ba. Da ka ajiye aiki sai ka koma ƙirga taku. Kai ka gaya mana taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne daga matakalarmu zuwa tashar jirgin ƙasa, kuma casa'in ne kawai ke da rumfa. Kowace damina kana tsaye inda rumfar ta ƙare da lema uku, kana raka tsofaffi da masu goyo. Ni ma ka raka ni sau biyu, duk da na rubuta a takardar unguwa cewa kana so ka mayar da mu zamanin keken shanu.

Da aka ce za a rushe benenmu a sake ginawa, zane biyu aka kawo, aka ce mazauna su zaɓi ɗaya da ƙuri'a. Ɗaya ya ba motoci hawa huɗu, amma gida arba'in ba za su dawo ba, za a kai su bayan gari inda jirgi bai kai ba. Ɗayan ya rage wurin mota, ya dawo da kowa, ya kai rumfa har tasha. Ni na jagoranci masu mota, da hujjoji daga littattafai. Kai kuwa a shagon shayi ka amsa mini, ka kira ni Cikgu, wato malamin makaranta.

"Cikgu, motarka tana da ɗaki, tana da kujera mai gadi. Saura ka yi mata aure."

Kowa ya san ƙa'idar farfajiyarmu: in ka tare hanya, ka bar mota a firi, kada ka ja birkin hannu, mai son fita ya tura ta. Ranar Larabar nan na dawo daga kai matata kasuwa, na tarar babu kujerata, baƙuwar mota na wurina. Ban tambayi kowa ba. Na gicciye tawa a bakin ƙofa, na ja birki har ƙarshe, na hau jirgi zuwa makaranta da makulli a aljihu, na kashe waya. Ashe kujerar masu zaman makokinka aka kai wa.

Motar gawa ta kasa shiga. Maza takwas suka tura tawa, ta ƙi. Haka aka ɗauki makararka a kafaɗa, ana ratsa motoci a karkace cikin ruwan sama, har masallaci. Sai da azahar na kunna waya, na ga labarin rasuwarka. Minti goma sha ɗaya jirgi ya kawo ni, na samu sallarka.

Matarka, Mak Cik Salmiah, tana cikin gida arba'in ɗin nan. Da na je ba ta haƙuri ba ta ɗaga murya ba.

"Bar shi, Cikgu. Dama da ƙafa ya fi son tafiya. Asabar dai ake ƙuri'a."

Allah ya jiƙanka, Pak Zainol, ya yalwata maka kabari, ya sa lemar da ka riƙa wa mutane ta zama inuwarka ranar da babu wata inuwa. Allah ya ba Mak Cik Salmiah da 'yarku Noraini da jikoki haƙuri, ya bar su kusa da tasha.

Kujerar tana ƙofar Mak Cik, na bar mata. Ranar Asabar zan ɗaga hannu a layinka. Ni ne ban yi daidai ba.